Fashin Baƙi: Inda son kai yake fakewa a wuraren aiki a Jihar Kebbi

Duk lokacin da aka tayar da zancen rashin adalci a wurin aiki a Jihar Kebbi, hankalin jama'a yakan tafi ne kai tsaye ga ƙofar shiga, wato wa aka ɗauka, wa aka bari, kuma ɗan wane ne ya sami gurbin da ba a taɓa tallata shi ba. Kukan yana da tushe. Sai dai ɗaukar aiki abu ne na rana ɗaya, alhali ma'aikacin gwamnati yana iya shafe shekara 35 a bakin aiki, ko ya zauna har ya cika shekara 60 da haihuwa, kuma a tsawon wannan zama ne ake yi masa mafi yawan abin da zai ɗaga shi ko ya danne shi. Mutum biyu za su karɓi takardar kama aiki a wata ɗaya, da shaidar karatu iri ɗaya, a matakin albashi ɗaya, amma bayan shekara 20 ɗaya ya zama darakta, ɗayan kuwa yana can wani ofishin shiyya yana jiran kuɗin ƙarin girman da aka yi masa tun da daɗewa. Idan ka buɗe fayil ɗin kowannensu, da wuya ka sami takarda ɗaya da za ka ɗaga ka ce ga inda aka yi zaluncin, domin mafi yawan son kai yana faruwa ne a wuraren da shugaba yake da ikon yanke hukunci ba tare da an tilasta masa rubuta dalili ba.

Ya kamata tun farko a raba tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato rabon daidai da son kai. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 a ƙarƙashin masarautu huɗu: Gwandu tana da 10, Argungu 4, Zuru 4, Yawuri 3. A cikinta akwai Hausawa da Fulani da Dakarkari da Kambari da Zabarmawa da Dandawa da Dukawa da Gungawa da wasunsu, akwai Musulmi akwai Kirista, kuma ilimin boko bai iso wa waɗannan yankuna a lokaci ɗaya ba. Jiha irin wannan ba za ta zauna lafiya ba idan ma'aikatunta suka zama na 'yan yanki ɗaya, ko da jarrabawa ce ta kawo su. Shi ya sa sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999, bayan ya wajabta wa gwamnatin tarayya yin la'akari da kowane ɓangare na ƙasa, ya ƙara da cewa gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su ma dole ne tsarin hukumominsu ya nuna bambance-bambancen mutanen da suke mulka. Don haka idan aka ware wa kowace ƙaramar hukuma kasonta na guraben malaman makaranta ko ma'aikatan lafiya, doka aka bi, kuma a ganina hikima aka yi.

Ɓarnar tana farawa ne daga cikin kason. Gurbin da aka ware wa Shanga ko Arewa ko Sakaba an ware shi ne domin a jawo ɗan talakan wannan yanki kusa da gwamnati, amma sau da yawa wanda yake cin gajiyarsa ɗan wani babba ne da aka haifa a Kaduna ko Abuja, wanda bai san hanyar garin ba sai ranar da ya je karɓar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A takarda kowane yanki ya sami rabonsa, a zahiri kuwa gidaje ƙalilan ne suke ta maimaita kansu. Ko a matakin tarayya, inda aka kafa Hukumar Raba Daidai tun 1996 domin ta sa ido a kan wannan rabo, abin bai tsira ba. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki, kuma wani tsohon jami'in hukumar ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi miliyoyin naira daga hannun masu neman aiki.

Ita kanta takardar asali tana cutar da wasu ta wata fuskar. Akwai wanda aka haifa a Jega ko Yawuri, can ya yi makaranta, can aka binne kakansa da ya zo fatauci, amma duk ranar da wani muƙami ya taso sai a tuna masa cewa shi baƙo ne. Matar aure ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin garin ubanta yana ganin ta bar shi, garin mijinta kuma bai karɓe ta a matsayin 'yar gida ba. Wannan bai tsaya ga ƙananan ma'aikata ba: a 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda gurbin Jihar Abiya, jihar mijinta inda ta yi aikinta, aka ba ta, alhali asalinta Anambra ne. A watan Maris 2022 kuma Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙi amincewa da gyaran da zai bai wa mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure.

Yanzu mu shiga cikin ofis, inda abin ya fi yawa kuma ya fi wuyar kamawa. Babu makamin da ya kai canjin wurin aiki kaifi a hannun shugaba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura Wasagu ko Dirin Daji ko Illo albashinsa ɗaya da wanda aka bari a Birnin Kebbi, amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Na ƙauye yana riƙe gida biyu da albashi ɗaya, yana kashe kuɗin mota, 'ya'yansa suna girma ba ya nan, kuma tun bayan harin da 'yan bindiga suka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni 2021, suka kwashe ɗalibai da malamai, kowa ya san cewa a wasu yankunan takardar taransifa magana ce ta rai. Tabbas dole ne wani ya je, domin yaran waɗannan garuruwa da marasa lafiyarsu 'yan jiha ne kamar kowa. Abin tambaya shi ne ta yaya ake zaɓen wanda zai je, shekara nawa zai yi, kuma me ya sa wasu suke yin ritaya ba su taɓa kwana a wajen hedikwata ba. Mai uwa a gindin murhu waya ɗaya za a buga a soke tasa takardar. Wanda ya yi gardama a taro, ko ya ƙi sa hannu a kan wata takardar kuɗi da ransa bai kwanta da ita ba, shi ne zai ga sunansa a jerin gaba, kuma ba shi da bakin magana, tun da a ƙa'ida gwamnati tana da ikon tura ma'aikacinta duk inda ta ga dama.

Daga wannan hukunci ɗaya sauran suke biyo baya a jere. Wanda yake hedikwata shi yake jin labarin kwas tun kafin takardar ta fito, shi ake sakawa a kwamiti mai alawus, shi babban sakatare ya san fuskarsa, kuma idan darakta ya tafi hutu shi ake bai wa riƙon ƙwarya. Bayan 'yan shekaru, idan aka zauna zaɓen wanda zai hau kujerar, sai a tarar shi ne mai takardun kwas da gogewar shugabanci, a ba shi da hujja mai kyau wadda ba wanda zai iya musantawa. An yi adalci a ranar ƙarshe, amma an gina shi a kan fifikon da aka daɗe ana tarawa.

Ƙarin girma kansa yana da ƙa'ida a rubuce. A tsarin aikin gwamnatin tarayya, wanda jihohi suka kwaikwayi mafi yawansa, ma'aikaci yakan cancanci a duba shi bayan shekara biyu idan yana mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara uku daga mataki na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Amma cancantar a duba ka daban, samu daban, domin akwai sharaɗin samun gurbi, akwai kuma fom ɗin tantance ƙwazo na shekara-shekara wanda shugabanka na kusa yake cikewa. Kalmar "babu gurbi" ta tsayar da mutane da yawa, sannan gurbin ya bayyana bayan wata biyu ga wani. Fayil yakan ɓace daidai lokacin da ake tattara sunaye, ya sake fitowa bayan an rufe. Takardar tuhuma kuwa, wadda aka tanada domin gyara, ta zama abin da ake bai wa wanda aka ƙi a kan makarar da kowa a ofishin yake yi.

Kuskure ne a ɗauka cewa duk mai yin haka mugu ne da ya shirya zalunci. Da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne da za su rantse ba su taɓa danne kowa ba, kuma har zuciyarsu haka suka yi imani. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka sun wallafa wani bincike a 2004, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a biranen Bostan da Shikago, takardun iri ɗaya ne, sunayen kawai suka bambanta. Masu sunan da aka saba ji ga farar fata sun sami kiran ganawa da ya zarce na masu sunan baƙar fata da kashi 50 cikin 100. A nan wurinmu launin fata ba shi ne zancen ba, amma suna, da karin harshe, da garin da mutum ya fito suna yin wannan aiki. Shugaba yakan ga ƙwazo a wurin wanda ya yi kama da shi, ya ga taurin kai a wurin wanda bai saba da irinsa ba. Ƙari a kan haka, shawarwari da yawa ba a ofis ake yanke su ba. Ana yanke su ne a majalisar hira bayan sallar isha'i, ko a mota a hanyar ɗaurin aure ko ta'aziyya. Mace ba ta wannan majalisa, abokin aiki Kirista a ofishin da Musulmi suka fi yawa ba ya cikinta, haka nan Musulmi a inda su ne tsiraru. Ba wanda ya kore su, amma an raba abin babu su.

Akwai kuma nauyin da mu kanmu muke ɗora wa shugabanni, kuma dole a faɗe shi. Ranar da aka naɗa mutum darakta ko kwamishina, ƙofar gidansa takan cika da 'yan uwa da surukai da abokan karatu, kowa da takardun ɗansa a hannu. Idan ya tsaya a kan ƙa'ida sai a ce ya sami wuri ya manta da nasa, ba ya zumunci, ba a amfana da shi. Mutumin da yake kuka an danne ɗansa a wata ma'aikata shi ne kuma zai yi fushi da ƙaninsa don ya ƙi danne ɗan wani a tasa. Zumunci ibada ne, amma da dukiyar mutum da lokacinsa ake yin sa, kujerar gwamnati kuwa amana ce ta dukkan 'yan jiha. Ma'aunin da aya ta 26 ta Suratul Ƙasas ta ambata ga wanda za a ɗauka aiki abu biyu ne, ƙarfin yin aikin da riƙon amana, kuma dangantaka ba ta cikinsu.

Wasu rukunonin ma'aikata nasu bambancin ya fi fitowa fili. Mace takan gamu da tambayar da ba a yi wa namiji, ko mijinta zai bar ta ta yi tafiya, ko tana shirin haihuwa, kuma sau da yawa ba a ma tambayarta, a yanke mata hukunci da sunan tausayi a ce kwas ɗin zai yi mata wahala da goyo. Masu buƙata ta musamman suna da dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu 2019, wadda ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙari gwargwadon hali su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma duk mai zagaya ofisoshinmu zai iya ƙirga matakalar da mai keken guragu ba zai iya hawa ba. Masu babbar difloma, irin waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru take yayewa, sun daɗe ana tsayar da su a mataki na 14 yayin da mai digiri yake wucewa, ko da su suka koya masa aikin. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba. Akwai ma abin da ba a faɗa a fili, wato raina mutum saboda sana'ar gidansu ko asalin kakanninsa, wanda sashe na 42 na tsarin mulki ya hana ƙarara da ya ce ba za a tauye ɗan ƙasa ba saboda yanayin haihuwarsa.

Duk wannan zance ne na masu takardar kama aiki. Mafi yawan ma'aikata a jihar nan ba su da ita: malaman makarantu masu zaman kansu, masu zuba mai, yaran shago, masu gadi, leburorin injin casar shinkafa. Dokar Ƙwadago ta ce a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, ta bai wa mace hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, ta kuma hana a sallame ta a cikin wannan hutu. Amma malamar da aka ɗauka da baki, da baki ake sallamarta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, Kebbi ma ta amince da 75,000 ga ma'aikatanta, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma nan ne talakawa suka fi yawa.

Ta fuskar doka an sami ci gaba fiye da yadda mutane suka sani. Sashe na 42 ya hana bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, kuma wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a wurin da canjin gwamnati yakan zo da canjin kujerun ma'aikatan da ba ruwansu da jam'iyya. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Sakkwato, hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci da cin zarafin mata da rashin adalci a wurin aiki, har da damar yin amfani da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Najeriya ta amince da su, irin mai lamba 111 kan nuna bambanci da mai lamba 190 kan cin zarafi, wadda aka amince da ita a 2022. A watan Janairu 2023 reshen kotun na Akure ya soke wata ƙa'idar 'yan sanda da ta ba da damar korar 'yar sanda idan ta yi ciki ba aure, ya ba matar da aka kora bisa wannan ƙa'ida, wadda ta kai ƙarar, diyyar naira miliyan 5. Kotun ba ta shiga zancen ɗabi'a ba. Abin da ta duba shi ne ƙa'idar tana hukunta mace a kan abin da ba ta hukunta namiji a kansa. Da haka ake kama bambanci a gaban alƙali: a nuna mutum biyu masu hali ɗaya da aka auna da ma'auni biyu.

Matar ta yi nasara ne domin ƙa'idar a rubuce take, an kuma ba ta takardar kora. Ma'aikacin da aka tsallake a rabon kwas shekara goma ba shi da abin nunawa, kuma tarbiyyarmu tana ƙara ɗaure shi. An koya masa kunya da girmama na gaba, an ce masa ya yi haƙuri, rabonsa ba zai wuce shi ba, kuma ya san idan ya rubuta koke takardar za ta bi ta teburin wanda yake ƙara. Haƙuri a kan jarrabawar Ubangiji daban yake da yin shiru a kan haƙƙin da wani ɗan Adam ya riƙe, kuma shirun yana cutar da wanda zai zo bayanka. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofishi a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi, amma tana so mai ƙara ya fara bin matakan cikin gida, kuma kada abin ya wuce wata 12 kafin ya kai mata. Saboda haka ma'aikacin da yake jin ana danne shi ya rubuta kokensa cikin ladabi, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa, ya adana duk takardar canjin wuri da ta ƙarin girma, ya kuma sanar da ƙungiyarsa tun da wuri.

Nauyi mafi girma dai yana kan masu iko, kuma abin da ake nema a wurinsu bai kai gina hanya tsada ba. A tallata kowane gurbi, a manna sakamakon jarrabawa da makin kowa, yadda ɗan Fakai zai ga da idonsa wanda ya ci kason Fakai da abin da ya fi shi da shi. A ƙayyade shekarun da ma'aikaci zai yi a wurin da yake da wahala ko hatsari, a haɗa da alawus, a sa zaman can ya zama sharaɗin hawa manyan matakai. Duk wanda aka tsallake a ƙarin girma ko kwas a ba shi dalili a rubuce da sa hannun jami'in da ya yanke hukuncin, domin mutum yakan yi tunani sau biyu kafin ya rattaba sunansa a ƙarƙashin abin da ba zai iya karewa ba, kuma shugaban kirki zai sami abin nuna wa dangin da suka matsa masa. Gwamna Nasir Idris ya shugabanci Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, saboda haka waɗannan koke-koke ba baƙi ba ne a kunnensa. Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne ɓangaren ilimi da na lafiya, inda ma'aikatan karkara suka fi yawa: a fitar da jerin da zai nuna sunan kowane malami da ma'aikacin jinya, wurin da yake, da shekarun da ya yi a can, a kuma yi canjin wurin aiki na gaba bisa wannan jeri.